Yadda Alhassan Ɗantata ya tara dukiya, da abin da ya hana gidansa watsewa

Tambaya: Ana yawan cewa lokacin da Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu babu wanda ya kai shi kuɗi a Afirka ta Yamma. Ta yaya Bahaushe ya kai ga haka a zamanin da kamfanonin Turawa suka kankane ciniki? Kuma me ya sa arzikin gidansa bai ƙare a wurin rabon gado ba, kamar yadda ya faru da attajirai da yawa na zamaninsa?

Amsa: Malam, tambayoyinka biyu ne amma bakinsu ɗaya. Jarin Alhassan na gaske mutane ne, wato jama'ar da zai iya damƙa wa kuɗi su shiga ƙauye da su, su kuma dawo masa da kaya. Da wannan ya samu shiga wurin Turawa, kuma wannan ne ya san yadda zai miƙa wa 'ya'yansa tun yana da rai. Sai dai ba za a gane haka ba sai an koma kan goro, don can ya koyi sana'ar.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, a arewacin Gana ta yau, a ƙarni na 19. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu Alhassan yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau ta zauna, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali: ɗan Tata. Ɗan abin da ya gada bai yi auki ba, sannan yaƙin basasar Kano ya zo, wanda ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Mutanen Bebeji na ɓangaren da aka ci, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa cikin ganima, sai da ya fanshi kansa. Saboda haka wanda ya ce maka gadon kuɗi ya yi bai faɗi daidai ba. Sana'a ya gada, da suna, da sanin hanya da mutanen hanya.

Fataucin goro na dā aiki ne na ayari. Madugu ke shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, ana tafe da jakuna da 'yan alaro. Za a ɗauki kanwa, da baƙaƙen riguna da turkudi na rinin Kano, da fatu jemammu, a sayar a hanya ko a can, a sayo goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara, ga kuɗin fito a bakin Kwara, ga abin da kowane sarkin hanya zai karɓa, ga 'yan fashi. Amma babban abokin gabar falke shi ne goron kansa. Goro rai gare shi: idan ya bushe ya yamutse, idan ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe, idan sankara ta shiga ɗaya ta bi sauran. Shi ya sa ake jera shi a huhu, a lulluɓe da ganyen fita, bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince wanda ya taɓu, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Lissafinsa da ƙwarya ake yi, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Falken da ya yi ganda wajen tsinta zai iya isa Kano da rabin kayansa. Duk wanda ya tashi cikin wannan ya riga ya san cewa riba tana cikin gajarta kwanakin da kaya ke yi a hanya.

Wannan sanin ne Alhassan ya yi amfani da shi. Kasuwar Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, ta riga ta mutu tun bayan yaƙin da aka yi a can a 1892, ciniki ya karkata zuwa Kumasi da bakin teku. Shi kuwa yana da uwa a Ankara. Sai ya shiga cikin Hausawan farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga nan a yi arewa da shi. Tafiyar watanni ta koma ta makwanni. Jarin da a dā ake juya shi sau ɗaya a shekara ya zama ana juya shi sau da yawa, asarar ruɓa kuma ta ragu. A komawa yakan haɗa da tsakiya da murjani da yadin kanti. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai hanyar ta haɗe tun daga teku har birni. A wannan tsakanin ne ya tare a Kano, a unguwar Sarari kusa da Koki.

To sai gyaɗa. Turawa da suka ja dogo zuwa Kano auduga suke hange, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin: auduga tana da kasuwa a gida wurin masaƙa, farashin Bature bai kai na gida ba, gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma yunwa ta zo ana ci. Ga haraji da aka ce sai da kuɗin Bature. A can Turai kuma masana'antun man girki da sabulu na neman ta ido rufe. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar jirgin Kano ta rasa inda za ta sa buhuna.

Matsalar kamfanonin ita ce ba su san ƙasar ba. Wakilin Niger Company ko John Holt yana zaune a kantinsa a bayan ganuwa, da sikeli da akwatin kuɗi, ba ya jin Hausa sosai, bai san wane ƙauye ne ya yi gyaɗa bana ba, bai kuma san wanda zai ba fam ɗari ya dawo ba. Dole ya nemi wanda ya sani. Waɗanda suka sani kuwa su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki, da Maikano Agogo, da Alhassan. Su ke da yara a kowace kasuwar ƙauye tun kafin a san za a sayi gyaɗa. A 1918 Niger Company ta ɗauki Alhassan ya riƙa saya mata, kuma cikin 'yan shekaru ya sha gaban waɗanda suka riga shi. Da aka haɗe Niger Company da wani kamfani aka kafa United Africa Company (UAC) a 1929, shi ne babban mai kawo mata gyaɗa.

Ga yadda abin yake tafiya a lokacin. Kafin kaka kamfani zai ba maigida kuɗi, ko kaya bashi, musamman yadi da gishiri, a kan zai kawo tan kaza. Maigida zai karkasa wa manyan yaransa, kowa da yankinsa. Su kuma su rarraba wa ƙananan masu saye da ke zaune a kasuwannin ƙauye da mudu da tiya. Wani lokaci tun da damina ake ba manomi yadi ko kuɗi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan zai biya da gyaɗa. Idan an tuge gyaɗa ta bushe, mata su ɓare ta a turmi, su sheƙe, a kai kasuwa. Mai saye ya auna da mudu, ya tara a buhu, a ɗora wa jaki ko raƙumi, daga baya mota, zuwa sikeli. Kusan buhu 13 na tsaba ke yin tan ɗaya. Ribar maigida tana fitowa ta kafa uku: la'adar da kamfani ke biya kan kowane tan, bambancin da ke tsakanin awon mudu a ƙauye da awon sikeli a birni, da kuma ribar yadin da ya bayar a madadin kuɗi. Wannan ta ukun mutane kan manta da ita, alhali sau da yawa ita ce mai tsoka, don kuɗi ɗaya ya yi aiki sau biyu, da tafiya da dawowa.

Inda ake karyewa kuma sananne ne. Na farko yaro ya gudu da kuɗi, ko ya yi aure da su, ko ya juya su a wata sana'a ya faɗi. Babu takardar da za a kai gaban alƙali a mafi yawan lokuta, magana ce da shaidu. Abin da ke tsare kuɗin shi ne yaron ɗan gida ne: maigida ya yi masa aure, ya ba shi wurin zama, ya raɗa wa ɗansa suna, gobe kuma shi zai ba shi jarin kansa. Wanda ya ci amanar irin wannan gida ya rufe wa kansa ƙofa a duk Kano, har da zangon Kumasi. Na biyu algus: a zuba yashi da tsakuwa, ko a yayyafa ruwa don nauyi. Gyaɗa mai danshi takan yi fumfuna a buhu, kuma idan malamin duba amfanin gona ya soka buhu ya ga datti ya wuce ƙima, sai a ce a zazzage a sake tankaɗewa, ladan leburori da ragin nauyi duk a wuyan maigida. Turmi ma na da tasa illa, don yana farfasa tsaba, fasasshiyar tsaba kuma man da ke cikinta kan yi saurin lalacewa; dalilin da ya sa a shekarun 1950 aka shigo da injin ɓara na hannu, aka kuma ƙara kuɗi ga gyaɗar da ba ta farfashe ba. Na uku, wanda ya fi kashe attajirai, faɗuwar farashi. Ka saya da tsada a Nuwamba, kafin kaya su iso sikeli waya ta zo daga Ingila an rage. Haka ta faru bayan tashin farashin 1920, ta kuma maimaita da muni a farkon shekarun 1930. Wanda duk jarinsa na kamfani ne, kuma gyaɗa kaɗai ya sani, a irin wannan shekara gidansa ake sayarwa. Alhassan bai taɓa sakin goro ba, yana kuma cinikin shanu da hatsi da yadi, ga kuɗinsa na kansa a ajiye. Idan gyaɗa ta yi masa tsiya, goro ya rufa asiri.

Maganar kuɗin ajiya ta kawo mu ga labarin da kowa ya sani: an ce Alhassan ya kai wa bankin British West Africa na Kano ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Mutane kan ji wannan su ɗauka nuna isa ne, amma larurar sana'a ce ta tara su. Manomi ba ya karɓar takarda, sai ƙarfe, wanda zai iya ƙwanƙwasawa ya ji ƙararsa, ya binne a tukunya gara ba ta ci ba. Mai sayen gyaɗa kuwa dole ya kwana da tsabar kuɗi. A kuɗin wancan zamani fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, ga sisi da taro da ɗari da anini na canji. Fam 100 sule 2,000 ke nan, nauyinsu ya ɗan haura kilo 11. Idan ka ƙaddara raƙumi ya ɗauki kilo 150, kowanne na ɗauke da wajen fam 1,300, ashirin ɗin su tasam ma fam 26,000. Wannan lissafin nauyi ne kawai, ba adadin da banki ya rubuta ba, amma ya isa ya nuna maka girman abin a lokacin da harajin mutum na shekara 'yan sulalla ne. Abin lura kuma shi ne ya yarda ya kai bankin, a zamanin da takwarorinsa ke ganin ɗaki mai ƙofar ƙarfe ya fi aminci. Mai ajiya a banki shi ke iya biyan kaya a Ikko ko Ankara ba tare da ya tura yaro da jakar kuɗi a jirgi ba.

Dalar gyaɗa ma da sunansa ake haɗa ta. Dabara ce ta ajiya a fili: a share wuri mai tudu, a jera buhuna murabba'i, kowane hawa a ja shi ciki kaɗan don buhu ya danne buhu, har a kai tsini, babbar dala ta ci buhu wajen 15,000, in damina ta kusa a rufe da tamfol. Dalar da ka gani a hoto a wajen Ƙofar Mazugal alama ce ta albarka, amma kuma alama ce ta gazawar jirgi. Taragu da kawunan jirgi sun yi ƙaranci musamman bayan yaƙin duniya na biyu, gyaɗar bara takan tarar da ta bana. Kowane wata da ta ƙara a fili, ƙwari na ci, nauyi na raguwa.

Kada dai a ɗauka Turawa sun sakar masa mara. Fitar da kaya zuwa Turai, da jiragen ruwa, da bashin banki mai yawa, duk suna hannun kamfanoni, su ke haɗa baki su yanke farashi. Ga Kwarori da 'yan Tarabulus irin su Saul Raccah da suka shigo tsakiya da ƙarfi. Shekaru da yawa Alhassan, duk kuɗinsa, matsayinsa na mai saya wa kamfani ne. Sai da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, wadda ke yanke farashi ɗaya a farkon kaka ta kuma ba da lasin saye, sannan a farkon shekarun 1950 gidansa ya samu lasin kansa, ya riƙa sayar wa hukuma kai tsaye kafaɗa da kafaɗa da UAC. Lasin ba a ba kowa: sai mai jari, mai sito, mai iya cika adadin tan da aka gindaya. A wajen sarauta kuma ya iya takunsa. Ya ga zamanin Abbas da Usman da Abdullahi Bayero har farkon Sanusi, bai nemi rawani ba, bai kuma yi karo da fada ba, a ƙarshen rayuwarsa ma an sa shi cikin majalisar Sarki. Ya sauke farali tun a farkon shekarun 1920, lokacin da kalmar Alhaji ke da wuyar samu a Kano.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka. Me ke rusa gidan attajiri idan ya rasu? Mutane kan ce rabon gado, amma rabon kansa ba shi ne duka ba. Ɗauki misali, ba na gidan Ɗantata ba: attajiri ya bar fam 8,000 bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, iyayensa sun riga shi, ya bar mata da 'ya'ya maza goma, mata takwas. Matan aure su raba tumuni, fam 1,000. Saura 7,000 a kasa kashi 28, namiji ya ɗauki 500, mace 250. Jarin da jiya yake iya cika alkawarin ɗaruruwan tan, yau ya koma hannu goma sha takwas, babu wanda kamfani zai kalla. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi shi ciwo: mafi yawan dukiyar irin wannan mutum ba ta cikin ɗaki, tana hannun mutane. Bashi ne a ƙauyuka, da kaya a hanya, da jari a wurin yara, kuma rabin lissafin a kansa yake. Ranar da aka binne shi, wanda ake bi ya yi shiru, wanda ke bi ya zo da shaidu. Yaran gida kuma da maigida suka yi amana, ba da 'ya'yansa ba. Kowa sai ya kama gabansa da abokan cinikin da ya sani. Na uku, 'yan ubanci: ɗaki da ɗaki, kowace uwa na jan nata.

Alhassan ya toshe waɗannan kafofi tun da sauran ƙarfinsa. Bai bar 'ya'yansa su zauna jiran gado ba. Kowanne ya yi karatun allo, ƙananan suka haɗa da boko, har makaranta ya buɗe musu a gida, sannan a tura yaro bakin sikeli ya koyi aiki a ƙarƙashin barorin ubansa kamar kowa. Wanda ya nuna hankali a ba shi jari da fagensa. Kafin ya rasu manyan sun riga sun zama attajirai da kansu: Sanusi ya yi nisa a gyaɗa da shanu da motocin sufuri, Mahmudu ya kama harkar jigilar alhazai, Ahmadu na kan harkokin gidan yana kuma siyasa. Kamfanoni da bankuna da yaran gida duk sun saba da su, ba baƙin fuska ba ne ranar ta'aziyya. Ya kuma riƙe akawuna da littattafai, abin da yake bi da abin da ake binsa a rubuce. Sannan ya sa harkar a ƙarƙashin suna ɗaya, Alhassan Dantata and Sons. Amfanin kamfani a nan shi ne lasi da sito da ma'aikata suna nan a dunƙule. Magada su gaji rabonsu a ciki, ba sai an sayar da sikeli an raba kuɗinsa ba. Shari'a ta samu haƙƙinta, ciniki kuma bai tsaya ba. An kuma san shi da tsimi, mutum ne da ba ya kashe kuɗi don a gani, kuma gidan da maigida bai saba da almubazzaranci ba yaransa kan yi nauyin farawa.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, sai riƙo ya koma hannun Aminu, wanda aka haifa a 1931, yana ƙasa da shekara talatin. Gwajin gaske ya zo daga baya, da gyaɗar kanta ta mutu: farin farkon shekarun 1970, sai cutar da ta cinye amfanin 1975, ga kuɗin man fetur da ya janye hankalin gwamnati daga noma. Dala ta ɓace daga Kano. Gidajen da suka tsaya kan gyaɗa kaɗai suka bi ta. Na Ɗantata ya riga ya bazu cikin gine-gine da kwangila da sufuri da dillancin kayan masana'antu, daga baya har man fetur ɗin. Kamfanin gine-gine na Dantata and Sawoe daga reshen Sanusi ya fito, ta hannun ɗansa Abdulƙadir. Sanusi ya rasu a 1997, Aminu kuma a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina. Ta ɓangaren mata ma silsilar ba ta yanke ba: Hajiya Mariya 'yar Sanusi ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shekara biyu bayan rasuwar kakan mahaifiyarsa, ya kuma tashi a gidan Sanusi bayan rasuwar mahaifinsa. Sana'ar da ya fara da ita a ƙarshen shekarun 1970 ita ce sarin siminti da shinkafa da sukari a Ikko, yana rarraba wa 'yan kasuwa.